Tsibirin Lete da gadar Gaya: Darasin lissafin da ba a koya wa 'ya'yanmu

Idan aka ambaci Gaya a wannan shafi, hankalin akasarin masu karatu Gayan Jihar Kano zai tafi. To ba ita muke nufi ba a yau. Akwai wata Gayar a Jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, a gaɓar Kogin Kwara, kimanin kilomita 300 daga birnin Yamai. Gada ce kurum ta raba ta da garin Malanville na Jamhuriyar Benin, kuma tsakaninta da Kamba ta Jihar Kebbi 'yar gajeruwar tafiya ce. Duk direban babbar motar da ya taɓa ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai ko Maraɗi ya san garin, domin ta nan hanya ta bi.

Tun bayan juyin mulkin da sojoji suka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, sunan Gaya ya yi ta yawo a bakin 'yan jarida. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a gefen Benin har wasu kayan suka riƙa lalacewa. A watan Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma mahukuntan Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro, jama'a kuwa suka koma tsallaka kogin a kwale-kwale, su da kayansu. An yi sharhi iri-iri a kan wannan dambarwa ta siyasa. Mu yau wani gefen muke so mu duba wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato darasin lissafi a ajin yaron da aka haifa a wannan gari. Dalilinmu kuwa shi ne, da wuya a sami garin da lissafi ya yi wa rana kamar Gaya, amma ga dukkan alamu makaranta ba ta nuna wa yaron haka.

Iyakar da aka shata da lambobi

Idan mai karatu bai manta ba, Nijar da Benin sun kwashe fiye da shekara 40 suna taƙaddama a kan tsibirin Lete da ke cikin kogin, sama da Gaya. Makiyayan Nijar ne ke zaune a cikinsa, manoman tsallake kuma suna cewa ƙasar tasu ce. A ƙarshen 1963, lokacin ana kiran Benin da suna Dahomey, abin ya yi ƙamari har ƙasashen biyu suka ja daga, gwamnatin Diori Hamani ta kori 'yan Dahomey masu yawa daga Nijar, cikinsu har da ma'aikatan gwamnati. Daga baya ne, a 2001, ɓangarorin biyu suka amince su kai maganar gaban Kotun Duniya da ke birnin Hague na ƙasar Holan, ita kuma ta yanke hukunci ranar 12 ga Yulin 2005.

Abin da ya kamata kowane malamin lissafi ya lura da shi shi ne yadda aka rubuta hukuncin. Kotun ta ce iyakar za ta bi layin da ya fi zurfi a babbar hanyar da jirage ke bi cikin kogin. Don gane wannan layi ta dogara ga awon zurfin ruwa da wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya yi, wanda ya fitar da rahotonsa a 1970. Daga nan sai ta jera ɗigo 154, kowane ɗigo da lambobinsa biyu, ɗaya na nuna nisansa arewa da layin da ya raba duniya biyu, ɗaya na nuna nisansa gabas da layin Greenwich. Da aka haɗa ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya sai layi ya fito, duk tsibirin da ya faɗo hagunsa ya zama na Nijar, wanda ya faɗo damansa ya zama na Benin. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. A Kogin Mekrou kuma kotun ta ce layin tsakiyar kogin ne iyaka. Hatta a kan gada tsakanin Gaya da Malanville, ta ce iyakar tana daidai saman layin nan na cikin ruwa.

Jama'a, wannan fa shi ne abin da ake koya wa ɗalibin ƙaramar sakandare a kan allo: a ja layi a kwance, a ja wani a tsaye, a ba ka lambobi biyu ka nemo mahaɗarsu ka ɗiga alƙalami, sannan ka haɗa ɗigon ka ga abin da ya fito. Dabarar ta samo asali ne daga littafin da masanin nan na Faransa, René Descartes, ya wallafa a 1637. Rigimar da ta kusa jawo yaƙi tsakanin maƙwabta, da wannan dabara aka kashe ta. Abin tambaya a nan shi ne, cikin yaran da ke tsallaka kogin nan kullum, nawa ne malaminsu ya taɓa gaya musu cewa zanen da suke gudu a aji shi ne ya tabbatar wa ƙasarsu da Lete? Kuma kada mu manta, awon da aka yi hukunci da shi baƙi ne suka zo daga Turai suka yi shi.

Lissafin da ke cikin kasuwa

Mu bar kotu mu shiga kasuwa. A Nijar ba a ƙirga kuɗi da Hausa yadda aka rubuta a jikin takardar. Da dala ake ƙirgawa, kowace dala kuwa sefa 5 ce. Abin da aka rubuta wa 100 sunansa dala ashirin, 500 dala ɗari, 1,000 kuma jika ɗaya, wato dala ɗari biyu. Ke nan yarinyar da ke tallar rake a tasha, duk lokacin da aka miƙo mata kuɗi tana rabawa da biyar a ka, duk lokacin da za ta ba da canji tana ninkawa da biyar. Idan ta tsallaka Kamba kuma ta san jakar Najeriya naira 200 ce, ta kuma san canjin jiya ba shi ne na yau ba. Wannan yarinya ce za a kai aji, a rubuta mata y = 5x a kan allo cikin Faransanci, ta zura ido ba ta gane komai ba, a ce mata daƙiƙiya, alhali abin da take yi ke nan tun tana 'yar shekara bakwai.

Bari mu kawo misali, da farashin da muka ƙaddara don sauƙin bayani. A ce ɗan kasuwa zai tsallaka da buhunan masara. Mai kwale-kwale ya ce a ba shi jika 2 kuɗin tashi, sannan kowane buhu dala ɗari, wato sefa 500. Ɗan kasuwar jika 12 ce a aljihunsa. Buhu nawa zai iya tsallakawa da su? Ba ya buƙatar takarda. Zai cire jika 2 ta tashi, saura jika 10, kowace jika buhu biyu, ke nan buhu 20. A makaranta ana rubuta wannan 2,000 + 500x = 12,000, inda x ke tsaye a madadin adadin buhunan da ba a sani ba tukuna. A cire 2,000 daga kowane gefe, saura 500x = 10,000. A raba kowane gefe da 500, x ya zama 20. Matakan da ɗan kasuwar ya bi a ka su ne dai aka bi a rubuce, ƙa'idar kuma ɗaya ce da ta sikelin mai awo: abin da ka cire a wannan faranti sai ka cire kwatankwacinsa a wancan, in ba haka ba sikeli ya karkace.

To a ce ga wani mai kwale-kwalen a gefe, shi ba ya karɓar kuɗin tashi, amma kowane buhu sefa 700. Wa ya fi araha? Amsar ta danganta da yawan kayan. A buhu 4, na farko zai karɓi 4,000, na biyu 2,800. A buhu 20, na farko 12,000, na biyu 14,000. Idan aka zana layin kowannensu a takarda, yawan buhu a kwance, kuɗi a tsaye, layukan biyu za su gitta juna a buhu 10, inda kowanne ke karɓar 7,000. Ƙasa da buhu 10 ka bi na biyu, sama da haka ka bi na farko. Amfanin zanen ke nan: kallo ɗaya ya nuna maka abin da sai ka yi lissafi sau goma kafin ka gano. Da irin wannan zane ne kamfanoni da gwamnatoci ke yanke shawarar ko su bi da kayansu ta Kwatano ko ta Lome, tambayar da ta zame wa 'yan kasuwar Nijar dole bayan rufe gadar Gaya a 2023.

Haka abin yake a fannin awon siffofi. Maginin da ke son kusurwar ɗaki ta miƙe yakan auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, ya tabbatar tsakaninsu 5 ne. Ko bai taɓa jin sunan Pythagoras ba, ƙa'idarsa yake bi, domin 9 da 16 sun tashi 25, wato 5 sau 5. Gonar da gefunanta huɗu ba su daidaita ba kuwa, raba ta ake yi gida biyu ta zama alwatika biyu, a auna kowace, a haɗa. A yanki irin na Gaya, inda damina ta fi ko'ina albarka a Nijar, ga shinkafar bakin kogi ga rake ga giginya, ga kuma makiyaya na saukowa da dabbobinsu, awon fili ba wasan yara ba ne. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye don rajistar gonaki da shata burtali, amma kwamiti ba ya aiki sai da wanda ya iya awo.

Abin da alƙaluma suka nuna

To me ke faruwa a makarantun? Akwai wani gwaji da ake kira PASEC, wanda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke yi wa ɗaliban ƙarshen firamare. A zagayen 2014, cikin ƙasashe 10, Nijar ce ta zo ta ƙarshe a lissafi, inda ƙasa da yara 8 cikin 100 suka kai matakin da ake buƙata. A zagayen 2019 an sami ci gaba, adadin ya haura 22 cikin 100, kuma ya kamata a yaba. Sai dai a wannan shekarar, a tsallaken gada, fiye da rabin yaran Benin ne suka kai matakin. Kogi ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya iyayensu ke ci, kuɗi ɗaya suke kashewa. Yaron da ya bar firamare bai ƙware a rabawa da ninkawa ba, shi ne ake tarar sa da x da y a kwaleji, don haka ba abin mamaki ba ne da aka ga a 2021 kusan ɗalibi ɗaya ne cikin biyar ya ci jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare a faɗin Nijar.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko malami ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta rungumi tsarin malaman kwantaragi don ta buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan. Yara sun shiga makaranta, wannan gaskiya ne, amma an ɗebi matasa da dama an tura su aji ba tare da isasshen horo ba, ga albashi ƙanƙane wanda sau da yawa ba ya zuwa a kan kari, ga yajin aiki. A 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé ke ministan ilimin firamare, an yi wa malaman kwantaragi kimanin 60,000 gwaji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka sami rabin maki. Ba muna faɗin haka don cin fuskar malamai ba ne, domin su ma tsarin ne ya haife su. Amma wanda bai fahimci dalilin da ya sa ake cire abu ɗaya daga gefe biyu ba, abin da zai iya kawai shi ne ya sa yara haddar "in ya tsallaka alama ta canja", su kuma su manta da an fita jarrabawa.

Dalili na biyu lokaci ne da wurin zama. Dubban azuzuwa a Nijar na zana ne, kuma a karkara akan jira a gama girbi a sami kara kafin a kafa su, da ruwan farko ya sauka kuma karatu ya watse. Gobarar da ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, waɗanda a haɗe suka ci rayukan yara fiye da 40, sun nuna wa duniya halin da ake ciki. Lissafi kuwa gini ne, tubali kan tubali, wanda ya rasa wata biyu a farkon shekara da wata guda a ƙarshenta zai hau aji na gaba da giɓi a ƙasansa. Sannan yaya yaron da ke zaune a kan tabarma, ba tebur ba rula ba kamfas, zai zana layi madaidaici?

Batun harshe

Dalili na uku shi ne harshe, kuma a nan ne muhawara ta fi zafi. A watan Maris na 2025 kundin da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta zartar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Koyarwa da harshen gida ba baƙon abu ba ne a Nijar, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Masu goyon bayan tsarin suna kafa hujja da Burundi, inda ake fara karatu da harshen Kirundi, wadda kuma ta zo ta ɗaya a lissafi a gwajin 2014. Masu suka kuma suna nuna Benin, wadda da Faransanci take koyarwa amma ta yi wa Nijar nisa. Mu a ganinmu kowane ɓangare na da kamshin gaskiya. Harshen gida yana buɗe wa yaro ƙofa, amma in babu ƙwararren malami da littafi da cikakkiyar shekarar karatu, sauya harshe kaɗai ba zai kai mu ko'ina ba. Kuma a Gaya sai an yi hattara, domin ƙasar Dendi ce, akwai yaran da Dendanci ko Zabarmanci ko Fulatanci suka tashi da shi a gida. Idan aka cire musu Faransanci aka ɗora musu Hausar da ba su ƙware ba, an gudu ne ba a tsira ba.

Masu cewa harsunanmu ba za su iya ɗaukar lissafi ba kuwa, tarihi bai goyi bayansu ba. Littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunansa kalmar aljabara ta fito, babu x babu y a cikinsa. Da zance ya warware matsalolinsa, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya ne. A nan ƙasar Hausa, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan lissafin hatimi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Malaman zaure da ke raba gado da sudusi da sumuni suna nan a kowane gari.

Mu kuma a Najeriya kada mu yi wa maƙwabta dariya, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa ba dole ne mai neman karatun fannin adabi da fasaha ya ci lissafi kafin ya shiga jami'a ba, a watan Nuwamba kuma Minista Tunji Alausa ya soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka kafa a 2022. Wato a shekara guda, Yamai ta ɗaga Hausa, Abuja ta ajiye ta, yaron Gaya da na Kamba kuwa matsalarsu ɗaya ce.

Mafita

Abin da ke kan faranti ba ƙarami ba ne. Bututun man da ya taso daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya fara aiki a 2024, ta yankin Gaya ya tsallaka kogi. Kowace ganga da ta wuce sai an auna ta, kuma da wannan awo ake raba kuɗi. Ƙasar da ke maganar 'yancin kai na haƙiƙa amma sai ta ɗauko baƙo ya auna mata manta da filinta da zurfin koginta, to da sauran aiki a gabanta.

Shawararmu ga mahukuntan ilimi na Nijar ita ce su fara da malamin. A riƙa tara malaman lissafi na firamare da kwaleji lokacin hutu ana sabunta musu ilimi, a kuma biya su haƙƙinsu a kan lokaci. Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 tana kusa, tana iya jagorantar wannan aiki, ta kuma haɗa kai da masana harshe na Yamai da Sakkwato da Kano a fitar da kalmomin lissafi guda da za a yi amfani da su a ɓangarorin iyaka biyu, maimakon kowa ya ƙirƙiro nasa. Masu rubuta littattafai su sauko da misalansu kasuwar Gaya, a yi lissafi da dala da jika da buhu da kwale-kwale. Jadawalin ɗigo 154 na hukuncin 2005 a buɗe yake ga kowa, babu abin da zai hana a ɗebi goma daga ciki a ba 'yan aji su zana iyakar ƙasarsu da hannunsu.

Attajiran Gaya da Kamba da suka yi arziki da wannan iyaka su ma akwai nasu. Gina aji ɗaya na bulo da zuba masa tebura bai kai kuɗin tirela guda ba. Iyaye kuma su daina furta wa yaro cewa lissafi sai mai ƙwaƙwalwa ta daban, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya iya ba da canji a kasuwa ya riga ya nuna yana da kan lissafi. Ko ba daɗe ko ba jima 'yan siyasa za su sasanta, motoci su ci gaba da bin gada kamar da. Fatanmu shi ne ranar da wata taƙaddamar awo za ta sake tasowa a kan kogin nan, a sami 'ya'yan Gaya a cikin masu riƙe da ma'auni. Allah Ya sa mu dace, amin.